Ɗan Asabe

Shekara uku na riƙe masa igiya
tsakanin Miriya da Gidimuni,
inda dutse ke cin bakin diga kamar ɗanyen rogo.
Nisim sunansa, Bayahude daga wani tsibiri can arewa,
mu kuwa Ɗan Asabe muka laƙa masa,
don in rana ta faɗi ran Juma'a
sai ya kashe inji, ya wanke hannu har gwiwa,
ko da saura taku ɗaya a cim ma ruwa.

Haushi nake ji.
Mata sun jera tuluna tun asuba,
shi yana gindin gawo da ɗan littafi
mai rubutu kamar sawun zabo,
yana rangaji shi kaɗai.
Na ce, kai, ƙishirwa ta san Asabar?
Ya ce, zauna Mato. In shayi kake so hura da kanka,
yau hannuna ba ya taɓa wuta.
Ruwan da ya yi shekara dubu yana jira
ba ya gudu kafin Lahadi.

Kowane mako da nasa yanki, in ji shi,
ba tsallake, ba zaɓe,
kamar kunyar gero:
ka bi ta da ciyawarta da ƙarangiyarta.

Wani mako, mai rijiyoyi ne.
Ya haƙa, aka ƙwace, ya sa mata Rigima.
Ya haƙa, aka ƙwace, ya sa mata Gaba.
Bai zare wuƙa ba, ya matsa gaba,
ta uku ya kira ta Yalwa.
Na ce, wannan ai rago ne.
Ya ce, to wa muke karantawa yau,
shi ko masu ƙwacen?

Lokacin da tiya ta yi tsada a kasuwar Dole
sai karatu ya faɗo kan abinci mai sauka da raɓa,
kowa da mudunsa,
wanda ya ɓoye na gobe ya wayi gari da tsutsa.
Ban tanka ba.
Buhu bakwai na jibge a ɗakin baya ina jiran farashi.
Ya sani, bai sani ba, oho.
Daren nan na kwana ina jin ƙwaro yana tauna.

Wanda ya fi ci mini rai na dutse ne.
Kwana ashirin da tara muna sara, ƙura kaɗai,
Illa ya saki guga a kaina,
na fito na mare shi gaban uwarsa.
Washegari ruwa ya ɓalle, gari ya ɗau guɗa.
Asabar ta zo, ya ce:
an ce wa mai sanda, yi wa dutse magana,
ya fusata, ya doke shi sau biyu.
Ruwa ya fito? na ce.
Ya fito, kowa ya sha, har bisashe.
Amma ƙasar da ya yi shekara arba'in yana nufa
daga kan tudu ya hango ta.
Na juya kofi a hannu har ya huce,
sannan na tashi neman Illa.

Da kaka littafin ya ƙare.
Na ce, madalla, yanzu sai hutu.
Ya yi dariya, ya koma shafin farko:
rijiyar da ba a ja, Mato, ita ke wari.

Ya tafi shekarar da fara ta ci gero.
Ban sauya alƙibla ba, shi ma bai nema ba;
ya kan tsare mini takalma in na yi salla,
ni na kan kore masa awaki.
Ko yana raye, Allah masani.

Yanzu gwiwa ta ƙi rami.
In na girbe, nakan bar kusurwar gona tsaye,
ban faɗa wa kowa dalili.
Illa ne ke sauka yanzu.
Igiyarsa tana hannuna.